Shekara Goma Da Shari'ar Dasuki, Har Yau Mu Ke Biyan Bashin

(Jawabin da na gabatar a zaman matasan ɓangarenmu na PDP cikin watan Disambar 2025. Na rubuta shi kusan yadda na faɗa, saboda 'yan uwa da ba su samu zuwa ba.)



Shugaban wannan zama, iyayenmu dattawa da suka daure suka zo duk da sanyin nan, iyayenmu mata, shugabannin matasa na mazaɓu, 'yan uwana maza da mata, ina gaishe ku gaba ɗaya. Allah ya saka da alheri.

An ce in yi magana a kan shari'ar Kanar Sambo Dasuki, saboda a wannan wata ne aka cika shekara goma da kama shi. Na san akwai iyayenmu da suka so zaman ya zama na jaje kawai, mu taru mu ce an zalunce mu, a shafa fatiha a watse. Zalunci kam an yi shi, kuma zan kira shi da sunansa. Amma tun kafin in hau nan na gaya wa shugaban zama cewa akwai ɗaya rabin maganar, wanda shekara goma ke nan muna kewaye shi. In na taɓo wani, ya yi haƙuri. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bari in fara da tuni, don na hango yara a baya can waɗanda ko firamare ba su gama ba lokacin da abin ya faru.

Sambo Dasuki ɗan Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki ne, tsohon soja, wanda ya taɓa zama dogarin Janar Babangida. A watan Yunin 2012 Shugaba Jonathan ya naɗa shi mai ba shi shawara kan harkokin tsaro, bayan ya sauke Janar Azazi. Ya karɓi ofis ɗin a lokacin da Arewa ke cin wuta. Manya a nan ba sa buƙatar a tuna musu 2014. An yi wa ɗalibai yankan rago a Buni Yadi cikin Fabrairu. An kwashe 'yan mata 276 a Chibok cikin Afrilu. Gwoza ta faɗi, Mubi ta faɗi. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba aka tayar da bam a babban masallacin Kano ana tsaka da salla. A wannan shekarar kotun soja ta yanke wa sojoji 12 hukuncin kisa a watan Satumba, ta ƙara da wasu 54 a Disamba, bisa laifin bore. Kukan da yaran nan suke yi shi ne ana tura su daji babu isassun kayan faɗa.

Ku riƙe maganar sojojin nan a ranku. Duk abin da ya same mu daga baya, a kanta ya hau.

Shi Dasuki ne ya je Landan a Janairun 2015 ya ce ya kamata a ɗage zaɓe, aka kuwa ɗage shi daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris. A cikin makonni shidan nan sojoji sun ƙwato garuruwa da yawa, har da Gwoza ana gobe zaɓe. Wannan gaskiya ce, kuma masu kare shi suna da hujjar da za su ce an sayi makamai an yi aiki da su. Amma mutanenmu a lokacin sun riga sun yanke shawara. Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.8. A Kano kaɗai, miliyan 1.9 aka zuba wa Buhari, mu muka tashi da dubu 215 da 'yan kai.

A watan Yuli aka sauke shi, kwana uku tsakani jami'an DSS suka dira gidansa. Gwamnati ta kafa kwamitin binciken sayen makamai, kwamitin ya miƙa rahoton wucin gadi a Nuwamba, daga nan adadin nan da kowa ya haddace ya fito: dala biliyan 2.1. Ranar 1 ga Disambar 2015 aka kama shi.

To, ga zaluncin. Kotu ta ba da beli, ya cika sharuɗɗa, ya fito daga gidan yarin Kuje a ƙarshen Disamba, a bakin ƙofa DSS suka sake ɗauke shi. Washegari marigayi Shugaba Buhari, Allah ya jiƙansa, ya zauna da 'yan jarida a talabijin ya nuna ƙarara cewa ba ya ganin dacewar a saki irin waɗannan mutane. Kotuna daban-daban suka yi ta ba da beli, gwamnati ta toshe kunne. A Oktoban 2016 kotun ECOWAS ta ce tsarewar haramtacciya ce, ta ce a sake shi a biya shi diyyar naira miliyan 15. Ba a sake shi ba. Wata guda bayan haka mahaifinsa ya rasu yana tsare. A 2018, a gaban taron lauyoyi na ƙasa, shugaban ƙasa ya ce bin doka na ƙarƙashin tsaron ƙasa da maslaharta. Sai ranar 24 ga Disambar 2019 aka buɗe masa ƙofa, rana ɗaya da Sowore. Shekara huɗu cur, babu hukuncin kotu ko guda da ya ce ya aikata laifi.

Kuma har yau ɗin nan da nake tsaye babu shi. A watan Maris na bana aka sake gurfanar da shi gaban wani alƙalin a Abuja kan naira biliyan 33.2, shari'a ta koma farko. Abin dariya abin kuka, dokar da aka yi don a daina jan shari'ar laifi, wadda ta ce a riƙa zama kullum-kullum kuma ta taƙaita yawan ɗage zama, gwamnatinmu ce ta sa mata hannu a Mayun 2015. Ga ta nan a takarda. Shekara goma, in mutumin nan ba shi da laifi an cuce shi, in kuma yana da laifi an cuci iyayen sojojin da suka mutu. Ta kowace fuska ka duba, akwai wanda aka danne wa haƙƙi.

Wannan ɓangaren duk mun yarda da shi, na ga ana ta gyaɗa kai. Yanzu ga wanda ba a so.

Jama'a, mu duba abin da manyanmu suka faɗa da bakinsu lokacin da aka fara kiran suna. Olisa Metuh, kakakin jam'iyyarmu na ƙasa, an tuhume shi da karɓar naira miliyan 400. Bai ce kuɗi ba su shiga asusun kamfaninsa ba. Kariyarsa ita ce aiki shugaban ƙasa ya ba shi, na gyara sunan gwamnati da jam'iyya gabanin zaɓe, kuma bai san daga ofishin tsaro aka turo ba. Marigayi Raymond Dokpesi, mai gidan talabijin na AIT, naira biliyan 2.1, ya ce kuɗin aikin yaɗa labarai ne. Cif Olu Falae, wanda ba ma ɗan jam'iyyarmu ba ne, ya fito ya ce e, an ba jam'iyyarsa ta SDP naira miliyan 100 ta hannun Cif Tony Anenih don su mara wa Jonathan baya, amma bai san asalin kuɗin ba. A nan Arewa ma an gurfanar da manya, ciki har da tsohon gwamnan Sakkwato Attahiru Bafarawa da tsohon minista Bashir Yuguda, kuma kun tuna yadda jaridu suka yi ta yayata cewa wasu biliyoyi an fitar da su ne da sunan addu'o'i.

Kun lura da abu ɗaya? Kusan kowa amsarsa guda ce: na karɓa, na siyasa ne, ban san daga ina suke ba.

A gaban alƙali wannan amsa tana da nauyi, domin sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar cewa ka sani ko ya kamata ka sani. Kotun ɗaukaka ƙara ta sallami Dokpesi a 2021. Metuh an yanke masa shekara bakwai a Fabrairun 2020, a Disamban shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin saboda ta ga alƙalin ya nuna son kai, ta ce a sake shari'a. Ban zo in yanke wa kowa hukunci ba, ni ba alƙali ba ne, difloma ce da ni kuma ba ta shari'a ba ce. Amma ni na san teburin mai shayi, kuma na san yadda wannan amsar take sauka a can. Amsar da ke wanke mutum ɗaya a kotu ita ce ta ɗaure jam'iyya gaba ɗaya a majalisar unguwa. Domin duk lokacin da wani babba ya ce na kamfen ne, abin da talaka yake ji shi ne: ashe da gaske kuɗin ofishin tsaro sun tafi kamfen ɗin lema, a shekarar da ake yanke wa soja hukuncin kisa don ya ce ba shi da harsashi.

Lauya ya ci kuɗinsa, babba ya koma gida. Wa aka bari da amsa tambaya? Mu. Mu da ke liƙa fasta, mu da ke tsayuwa ejan a rumfar zaɓe, mu da ke shiga rediyo da daddare muna kare jam'iyya. Duk wanda ya yi sojan baka tsakanin 2016 da 2019 ya san abin da nake faɗa. Ka kawo maganar tsadar shinkafa, a ce maka kuɗin makamai. Ka kawo maganar faɗuwar naira, a ce kuɗin makamai. Ka ce ana kashe mutane a Zamfara, a ce ai ku kuka cinye kuɗin makamai. Kalma biyu suka riƙa kashe mana kowace hujja da su, shekara da shekaru. Kuma ina so kowane ejan da ke ɗakin nan ya tambayi kansa, a cikin biliyoyin da ake lissafawa, nawa ne ya iso rumfarsa a 2015? Ba sai kun faɗa ba, na ga dariyar.

Akwai wani lissafi da ban taɓa jin an yi mana shi a zaman jam'iyya ba. Dokar zaɓe ta 2010, wadda aka yi zaɓen 2015 da ita, ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kada ya kashe fiye da naira biliyan 1. Kuɗin da aka ce na yaɗa labarai ne kaɗai sun ninka wannan. Ba na ce mu kaɗai muke tsallake wannan iyaka ba, kowa ya san ɗaya ɓangaren ma ba da ruwan rijiya suka yi kamfen ba. Sai dai namu ne aka buɗe littafinsa. Kuma da aka buɗe, babu wata takarda a hedkwatar jam'iyya da za a ɗaga a ce ga abin da ya shigo, ga wanda ya bayar, ga inda aka kashe. Kuɗi sun bi ta asusun kamfanoni da falon manya. Har ministar kuɗi ta lokacin, Ngozi Okonjo-Iweala, ta tabbatar cewa an miƙa wa ofishin tsaro kimanin dala miliyan 322 daga kuɗin Abacha da aka dawo da su, don yaƙi da Boko Haram. Kuɗin da aka ƙwato daga wata badaƙala, sai ga sunansu a tsakiyar wata.

Na san abin da za a ce mini, kuma ni ma na faɗe shi sau ba adadi a rediyo: bi-ta-da-ƙulli ne. Akwai gaskiya a ciki. Jafaru Isa, na hannun daman Buhari, shi ma sunansa ya fito a kuɗin nan, an kama shi a Janairun 2016, ya mayar da naira miliyan 100, ya koma gida cikin 'yan kwanaki. A watan ne aka kawo Metuh kotu da ankwa a hannu. Musiliu Obanikoro, tsohon ƙaramin ministan tsaro, ya koma APC a 2017, daga baya muka gan shi a matsayin shaidar gwamnati a shari'ar Fayose. Shugaban APC na lokacin, Oshiomhole, ya hau duro a Janairun 2019 ya ce wanda ya shigo jam'iyyarsu an yafe masa zunubansa. Duk an yi. Amma don Allah mu riƙa faɗin ta da sauranta: Joshua Dariye sanatan APC ne lokacin da aka ɗaure shi a 2018, ko da yake an zo an yi masa afuwa shi da Jolly Nyame a 2022. Sannan ko da zaɓe aka yi wajen kamu, wanda aka zaɓa ɗin an samu abin kamawa a jikinsa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Me shari'ar ta yi wa jam'iyya a ciki? Ta same mu muna jinya. Adamu Mu'azu ya ajiye shugabanci a Mayun 2015. Kakakinmu yana zarya tsakanin kotu da asibiti. Duk wanda ya taɓa riƙe wani abu a kamfen ya yi shiru, ya kashe waya, wasu suka bar ƙasar. A wannan rami ne gwamnoni suka ɗauko Ali Modu Sheriff a Fabrairun 2016, mutumin da bai cika shekara biyu da shigowa ba, saboda ana neman mai aljihu da mai ƙarfin hali. Wata uku aka ce a cire shi, taron Fatakwal ya kafa kwamitin riƙo na Sanata Ahmed Makarfi, aka shiga kotu. Sai 12 ga Yulin 2017 kotun ƙoli ta raba gardama. Wata goma sha huɗu jam'iyyar adawa mafi girma a ƙasar nan tana da shugabanni biyu. A tsakanin nan Edo ta wuce mu, Ondo ma ta wuce, inda sai ana saura kwanaki kaɗan zaɓe aka san waye ɗan takararmu. Ƙasa tana cikin karayar tattalin arziki a 2016, lokacin da ya kamata adawa ta yi kaka-gida a zuciyar talaka, mu muna rigimar wa ke da makullin Wadata Plaza. Shi kuma Sheriff ɗin daga ƙarshe ya tattara ya koma APC.

A Maris ɗin 2018 Uche Secondus ya tsaya ya nemi afuwar 'yan Najeriya a madadin jam'iyya. Niyya mai kyau ce. Amma afuwa ce ta dunƙule, ba a ce ga abin da aka yi ba, ba a ce ga dokar da muka kafa don kada a sake ba. Kwana kaɗan Lai Mohammed ya fito da jerin sunayen waɗanda ya kira ɓarayin gwamnati, har da sunan shi Secondus ɗin, wanda ya musanta ya tafi kotu. Maganar afuwa ta mutu a nan. Muka shiga 2019 da tabon, aka ba mu tazarar ƙuri'a kusan miliyan huɗu.

Babbar ɓarnar da nake gani ma ba a akwati take ba. Shari'ar nan ta koya wa manyanmu wani darasi, kuma suka ɗauke shi a karkace. Suka ga wanda ya tsaya ya sha ankwa, wanda ya tsallaka ya kwana gida. Tun daga lokacin duk wanda ya san yana da fayil, idonsa na kan ƙofa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ku dubi bana kaɗai: Delta ta tafi a Afrilu, da gwamnanta da wanda ya yi mana takarar mataimakin shugaban ƙasa a 2023, watanni kaɗan bayan EFCC ta tsare shi. Akwa Ibom ta bi, Enugu ta bi, Bayelsa ta bi. Kowa da dalilin da ya bayar, ban shiga zuciyar kowa ba. Amma talaka yana da ido, kuma lissafin da ya yi shi ne wanda ku ma kuka yi. Yau ga mu an sake komawa rigimar makullin Wadata, kamar 2016 ba ta taɓa faruwa ba.

Jam'iyyar da shugabanninta ke tsoron ƙarar waya ba za ta iya adawa ba. Shi ya sa nake cewa maganar tsabtar kuɗi maganar tsira ce a gare mu, tun kafin a zo maganar wa'azi.

Sannan wani abu ga 'yan uwanmu matasa na ɗaya ɓangaren, don na san suna karanta shafinmu fiye da yadda muke karantawa. Lokacin da ake take umarnin kotu a kan Dasuki kun yi tafi. To ku duba waɗanda suka biyo layi. Ibrahim Magu, wanda EFCC ɗinsa ce ta shigar da ƙararrakin nan, an tare shi a hanya a Yulin 2020 aka kai shi gaban kwamiti, bai koma kujerarsa ba. Abdulrasheed Bawa da ya zo bayansa, DSS ta riƙe shi daga Yuni zuwa Oktoban 2023 ba tare da an gurfanar da shi ba. Godwin Emefiele, wanda ya yi gwamnan Babban Banki daga 2014 zuwa 2023, har kokawa aka yi tsakanin DSS da jami'an gidan yari a harabar kotu a Legas kan wa zai tafi da shi bayan alƙali ya ba da beli. Ƙofar da aka ɓalle don Dasuki ba a mayar da ita ba, kowa ta nan ake shigar da shi. Mu kuma a namu ɓangaren, wallahi na ji kunya da na ga wasunmu suna murna da abin da ya sami Bawa. In beli haƙƙi ne ranar da aka hana namu, haƙƙi ne ranar da aka hana nasu. Wanda bai iya faɗin haka ba, ya daina kiran sunan kotun ECOWAS a gabana.

To me muke nema? Iyayena, ga abin da matasa suka ɗora mini in faɗa, kuma a kansa ne muka saɓa da ɗaya ɓangaren a jihar nan, ba a kan kujera ba kamar yadda ake yaɗawa.

Muna so duk kuɗin da zai shigo da sunan jam'iyya, daga mazaɓa har jiha, ya bi ta asusun banki na jam'iyya. Wanda ya ba da gudummawa a rubuta sunansa da adadi. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce mutum ɗaya kada ya ba ɗan takara fiye da naira miliyan 50, to wanda ya zo da abin da ya fi haka a cikin jaka da tsakar dare, ma'aji ya tambaye shi daga ina. In ya ji haushin tambayar, ya riƙe kayansa. Na san za a ce yaro bai san wuta ba, wa ke mayar da kuɗi ana saura mako biyu zaɓe? Ni kuma na ce waɗanda suka karɓa a 2015 ba su tambaya ba, ga shi shekara goma wasu na hawa matakalar kotu, mu kuma muna amsa tambayar da su suka ƙi yi. Ma'aji ya riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita duk wata uku a gaban taro. Kuɗin ejan a liƙa jerinsa a ofishin mazaɓa kafin ranar zaɓe, kowa ya ga sunansa da abin da aka ware masa. Wannan kaɗai zai kashe rabin rigimar da muke yi bayan kowane zaɓe.

Sai mai zafin. Duk wanda ke da tuhumar kuɗin jama'a a gaban kotu, ya janye hannunsa daga asusun jam'iyya, kuma kada ya zama shi ne bakinmu a rediyo da talabijin har a gama. Wani dattijo da nake girmamawa ya kira ni a kan wannan, ya ce ɗana, in kuka yi haka kun miƙa wa EFCC alƙalamin zaɓar mana shugabanni, duk wanda suke tsoro sai su rubuta masa takarda. Baba yana da gaskiya a tsoronsa, kuma saboda maganarsa muka gyara daftarin. Ba mu ce gayyata ba, ba mu ce labarin jarida ba, sai an gurfanar da mutum an karanta masa tuhuma. Ba mu ce a kore shi ba, ba mu ce a hana shi zama a taro ko ba da shawara ba. Za mu raka shi kotu, za mu tsaya masa a kan beli, in an take masa haƙƙi mu ne za mu fara ihu. Sa hannu a cek da riƙe makirufo kawai muka ce ya ajiye. Mun ga abin da ya faru da jam'iyya ta bar kakakinta yana kare kansa yana kare ta a lokaci guda: duk sanarwar da ya fitar, tambayar farko da 'yan jarida ke yi masa ta miliyan 400 ce.

Mu ma matasa akwai namu. Ba zai yiwu mu ce babba ya faɗi asalin kuɗinsa ba alhali ko kuɗin hayar kujerun zaman nan sai mun je gidansa mun yi layi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An rage shekarun takara tun 2018, ɗan shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai, amma nawa ne a cikinmu suka iya sayen fom ba tare da ubangida ba? Shi ya sa muka kawo shawarar karo-karo, naira 500 a wata ga duk mai katin jam'iyya da ke da hali, a asusun mazaɓa, da mutum uku masu sa hannu, ɗaya mace. Ba za ta yi kamfen ɗin gwamna ba, na sani. Za ta biya hayar ofis, ta biya ejan ɗinmu, ta sa ranar da za mu ce a'a muna da inda za mu zauna mu faɗe ta.

Game da shi Kanar Dasuki, matsayinmu a taƙaice yake, kuma shi za mu sa a takardar bayan taro. A gama shari'ar. A zauna kullum kamar yadda doka ta ce, a kira duk shaidun da ya kamata a kira komai girmansu, a karanta hukunci kowa ya ji. In an wanke shi, gwamnati ta biya shi diyyar shekara huɗun da ta ci masa. In an same shi da laifi, mu ne ya kamata mu fara cewa mun karɓa. Iyalan sojojin da suka kwanta a Baga da Gwoza da Mubi su ma suna jiran wannan hukuncin, kuma da yawansu a unguwanninmu suke.

Daftarin yana hannun sakatare, shafi biyu ne, da Hausa da Turanci. Kowane shugaban matasa na mazaɓa ya karɓi kwafi kafin ya fita, ya karanta wa mutanensa, a dawo mana da gyara ko sa hannu a zama na gaba. Iyayenmu mata, akwai naku daban wajen shugabar mata. Wanda ke da ja a kan sharaɗin janye hannu daga asusu, ya rubuto, za mu buga a shafin nan yadda ya rubuto ba tare da an taɓa masa kalma ba.

Shugaban zama, na ci maka lokaci, a yi mini afuwa.